Injin jirgin ruwa mai filafili ya ƙi tashi, daga baya ma ya daina juyawa

"Assalamu alaikum Oga. Ni direba ne a Legas, maigidana ya sayi jirgin ruwa na hannu irin mai tafiya da iska ɗin nan, amma akwai ƙaramin inji a cikinsa mai shan gas, Yanmar mai silinda uku. Yace ni zan riƙa tada masa shi duk ƙarshen mako kafin ya iso. Sati biyu yana tashi lafiya, jiya Asabar na murɗa makulli yana ta juyawa amma yaƙi kamawa, nayi ta masa kik yafi sau goma, can sai naji yayi ƙum ya tsaya cak. Nace ko batir ne, na ciro na mota na haɗa, shima ƙas kawai yake yi. Dan Allah meye matsalar, kuma yaya ake tada irin wannan injin bisa ƙa'ida? Ina tsoron kada ace ni na lalata shi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai dan girman Allah cire hannunka daga makullin nan, kada ka sake masa kik ko sau ɗaya, kada kuma ka bari wani yazo da batir ɗin tirela yace bari a gwada wannan yafi ƙarfi. In na fahimce ka tambaya biyu kayi, ɗaya me ya sa injin da yake juyawa lafiya ya tsaya cak, ɗaya kuma yadda ake tada shi tun farko. Ta farkon ita ce ta gaggawa, domin in abin da nake zato ne to kwana ɗaya ko biyu ne a hannunka ba sati ba.

Ni da injin niƙa da janareta na fara a Kano, daga baya aiki ya kawo ni Legas na koma gyaran ƙananan injinan jiragen ruwa, kuma abin da ka faɗa ɗin nan na sha ganinsa, yawanci ma a hannun direbobi ƙwararru waɗanda suka san mota ciki da waje. Saboda a mota in taƙi tashi ka cigaba da kik iyakaci batir ya mutu ko kik ɗin ya ƙone, shikenan. A jirgi ba haka bane, kuma ba wanda zai san wannan in ba an zaunar dashi an nuna masa ba.

Injin da yake shan ruwan teku

Mota tana da lagireto da fanka, iska ce ke sanyaya mata ruwa. Injin jirgi yana can ƙasa cikin rami a rufe babu iskar da zata buga shi, don haka ruwan da jirgin yake tafiya a kansa shi yake zuƙowa ya sanyaya kansa. A ƙarƙashin jirgin akwai ƴar huda, a kanta daga ciki akwai bawul mai hannu kamar na tankin ruwa, daga nan tiyo ya ɗauko ruwan ya bi ta wata matata mai kama da kwalba da raga a ciki, sai ya shiga wani ɗan famfo da injin ke juyawa, cikinsa akwai ƴar farfelar roba da muke cewa imfela. Ita ke tura ruwan ya zagaya ya kwashe zafi, a wasu injinan yana ratsa jikin injin kai tsaye, a wasu kuma yana bi ta wani bututu ne mai ƙananan bututai a ciki ya sanyaya ruwan injin na asali ba tare da sun gauraya ba. To da ya gama aikinsa ina zai je? Nan ne maganar take. Ana zuba shi ne a cikin salansa, a wata gwiwa dake bayan injin, ya haɗu da hayaƙi su gangara cikin wata tukunya ta roba ko ta ƙarfe, sannan ƙarfin hayaƙin ne yake tunkuɗa ruwan ya haura tiyo ya fita ta bayan jirgi. Shi ya sa in inji na aiki zaka ga bayan jirgin yana tofar da ruwa fut fut fut tare da hayaƙi.

Yanzu ka duba abin da ya faru jiya. Shi wannan famfon bai san ko inji ya kama ko bai kama ba, indai ana juya inji shi turo ruwa yake. Kai kana ta kik, ruwa na ta zuba a tukunyar salansa, amma babu hayaƙin da zai kore shi waje tunda injin bai kama ba. Tukunyar kuma ba wata babba bace, ƴan litoci ne. Ta cika, ruwa ya taso ya dawo baya ta gwiwar nan, ya samu bawul ɗin hayaƙi na wata silinda a buɗe ya zuba a kan fistin. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa baya matsuwa ko kaɗan, fistin ya taso ya tarar da ruwa ya cika gurbin sai ya tsaya kamar ya daki dutse. Wannan ƙum ɗin da kaji ina kyautata zaton shi ne. Kuma shi ya sa nace kada a kawo batir mai ƙarfi, domin in kik ya samu ƙarfin da zai tilasta, ruwan bazai matsa ba, kwanrod, wato sandar ƙarfen dake riƙe da fistin, shi ne zai lanƙwashe, daga gyaran yini ɗaya a koma sauke inji.

Daga nan inda nake ban ga injin ba, ban ji ƙararsa ba, don haka bazan rantse maka ba. Akwai wasu abubuwa biyu ko uku da kan kawo irin wannan tsayuwar. Kik ɗin kansa kan ɗau zafi ya ƙone ko haƙorinsa ya maƙale a jikin filawil bayan irin wannan wahalar da ya sha. Kan batir in yayi tsatsa ko waya ta saki zaka ji ƙas kawai, kuma ko ka kawo sabon batir indai ta wayar nan ka haɗa duk ɗaya ne. Sannan in giya na ciki kuma igiya ta naɗe farfela shima inji kan ƙi juyawa. Yadda zaka bambance mai sauƙi ne, ka kashe babban makunnin batir, ka tabbatar giya tana firi, ka sa soket a babban notin fulin gaban inji ka juya da hannu a hankali. In yana zagayawa gaba ɗaya da ɗan tauri nan da can irin na matsin iska to injin lafiya, matsalar ta wuta ce ko ta kik. In kuwa ya tafi kaɗan ya tsaya ƙyam, ka dawo dashi baya ya tafi, ka sake gaba ya kuma tsayawa a wuri ɗaya, to ruwa ne. Kada ka sa bututu a hannun soket ɗin ka danna da ƙarfi.

Abin da za ayi yau ba gobe ba

Ruwan Legas ɗin nan na wajen tashar jirage da gishirinsa, kuma ruwan gishiri in ya kwana biyu a kan fistin da ringi tsatsa zata kama su da bangon silinda. Yau ka gaya wa maigidanka, kayi masa bayani yadda ka yi min, gaskiya ɗaya ce kuma wanda bai nuna maka bawul ɗin ruwa ba ranar da ya miƙa maka makulli shima yana da nasa kason. A nemo bakanike wanda ya saba da injin gas, in wanda ya saba da na jirgi ne ya fi.

Tsarin aikin dai ga shi domin ka san abin da kake kallo. A fara rufe bawul ɗin ruwan teku. A zubar da ruwan tukunyar salansa, yawancinsu suna da ɗan toshi a ƙasa, in babu a cire tiyo. A kwance nozul ɗin, wato masu fesa gas cikin silinda, duka ukun, a juya inji da hannu tukuna, zaka ga ruwa na bulbulowa daga ramin silindar da ta sha. Sai bayan ya zagaya da hannu sau da yawa ba cikas sannan a rufa tsumma a kan ramukan ayi kik na daƙiƙa kaɗan ya feso sauran, tare da an ja abin kashe inji domin kada gas ya riƙa fesowa. A ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami a sake juyawa. A mayar da nozul da sabbin wasar jan ƙarfe, kada a maida tsofaffin suna yoyon matsi. Sannan a zare geji a duba baƙin mai, in ya koma fari fari kamar an zuba madara a shayi to ruwa ya gangara ƙasa, sai a juye shi da filtarsa, a tada injin ya ɗau zafi sosai, a sake juyewa, wani lokaci sai sau uku kafin man ya tsaya da kalarsa. Ni bana jin ƙyashin man nan, galan biyu ko uku na baƙin mai ba komai bane a kan kuɗin bearin da kiranshaf.

In an tada shi yana tafiya sumul to Alhamdulillahi ka tsira. In kuwa yana karkarwa, yana farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas wanda baya yankewa ko bayan ya ɗau zafi, ko ana jin wani bugu a ciki, to wata silinda ta rasa matsi, alamar kwanrod ya lanƙwashe kenan, a kashe shi a auna matsin kowace silinda kafin a cigaba.

Wani abu kuma da zaka sa bakaniken ya duba tunda an buɗe wajen. A jiragen filafili da yawa injin yana zaune ne daidai ko ƙasa da layin ruwa, shi ya sa ake ɗaga tiyon ruwan sama a lanƙwaso shi kamar baka, a sa ɗan bawul a ƙololuwar wanda yake shigar da iska in inji ya tsaya. In gishiri ya toshe ɗan bawul ɗin nan, ruwa kan cigaba da zuƙowa da kansa kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo, ya cika inji cikin dare ba wanda ya taɓa makulli. Na taɓa samun jirgi biyu a haka, masu su suna ta zargin yaran da ke gadi alhali wani ɗan abu ne da bai kai kan yatsa ba.

To me ya hana shi kamawa tun farko?

Wannan ma sai an gano, in ba haka ba ranar Asabar mai zuwa za a koma gidan jiya. Injin gas bashi da fulogi mai tartsatsi, matse iska yake sosai, ninki ashirin da wani abu, har tayi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Saboda haka abu uku kawai yake nema, ya juya da sauri, ya samu iska, ya samu gas mai tsabta wanda babu kumfar iska a cikinsa. Tunda kace yana juyawa da kyau to kusan kullum maganar gas ce.

Abu na farko da zan tambaye ka, da me kake kashe injin? In Yanmar ɗinka tsohon samfuri ne irin 3GM30, akwai wani ɗan hannu da ake ja ya yanke gas, in ka ja ya mutu dole ka tura shi ya koma har ƙarshe. In ka manta shi a jaye ko wayarsa tayi tsatsa bata koma duka ba, wallahi ko kwana zakayi kana kik bazai kama ba. An taɓa kirana tun daga Apapa na tsallaka har Victoria Island cikin go-sulo na wajen awa biyu, na shiga jirgi na tura ɗan hannun nan da yatsa ɗaya inji ya tashi, kuma mai jirgin ba baƙon ruwa bane, mantuwa ce kawai. In sabon samfuri ne irin 3YM30 maɓalli ake dannawa, wani ɗan abu mai aiki da wutar batir da ake cewa solanoyid ne yake yin aikin, shima yakan maƙale. Ka duba farantin dake jikin injin zaka ga lambar.

Na biyu bawul ɗin gas dake kan tanki, wasu masu jirgi suna rufe shi in zasu tafi gida. In an tada inji dashi a rufe zai yi ƴan mintuna ya shanye na cikin filta ya zuƙi iska ya mutu, kuma ko ka buɗe daga baya bazai tashi ba sai an cire iskar. Haka in gas yayi ƙasa a tanki jirgi yana tangaɗi. Na uku dattin tanki, kuma wannan shi ne ciwon jiragen Legas. Jirgi na zaune sati da sati tanki rabi, ga laimar garin nan, raɓa na taruwa a bangon tanki tana gangarawa ƙasan gas, a tsakanin ruwan da gas ɗin wasu ƙwayoyin halitta suke tsirowa su zama baƙin kauci mai yauƙi, ranar da aka fita igiyar ruwa ta girgiza tanki sai duk ya taso ya toshe filta. Filtar farko galibi tana da kofi mai gani a ƙasa, ka haska da tocila, in kaga ruwa ya kwanta a ƙasa ko baƙin abu to ka samu mai laifi.

Cire iska ba wuya, kuma ya kamata ka iya da hannunka. A kan filtar dake jikin inji akwai ɗan noti, a irin GM safana lamba 10 ce, ka sassauta shi, ka riƙa danna ɗan hannun famfon gas dake gefen inji har kumfa ta ƙare gas zalla ya fito, ka ɗaure. In kana dannawa kaji hannun sakayau ba ya turo komai, juya injin kaɗan da soket ka sake. In duk da haka bai kama ba sai a sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul da lamba 17, ayi kik kaɗan har gas ya tsarto, a ɗaure. A nan ka kiyaye hannunka, gas ɗin dake fitowa ta wajen yana da matsin da zai huda fata ya shiga nama, kada ka taɓa sa yatsa kana neman inda yake yoyo. Kuma duk wannan kik ɗin na cire iska bawul ɗin ruwan teku a rufe ake yinsa.

Abin da nake roƙonka kada ka bari ayi shi ne dabarar nan ta gareji, a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska, ko a fesa abin feshin nan na tada inji. A fili ma abin yana cin ringi, balle a cikin ramin jirgi inda tururin fetur bashi da hanyar fita sai dai ya kwanta a ƙasa, in kuma injin mai hita ne, wato ɗan ƙarfen da batir ke zafafawa ya taimaka wa inji ya kama, zai iya fashewa tun a bakin iskar.

Yadda nake tada shi

Ni tada inji a wajena yawancinsa ana gama shi ne kafin a taɓa makulli, minti biyar ne bai fi ba. Ina buɗe murfin ramin inji in fara da hanci, in naji warin gas ɗin girki ko fetur ba abin da zan kunna sai an buɗe ko'ina an gano daga ina, saboda gas ɗin girki yafi iska nauyi, can ƙasan jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi. Sai in leƙa ƙarƙashin inji, ruwa ne ko mai ko gas da babu shi jiya. In zare geji, in duba ruwan injin in mai shi ne, in danna fambel da babban yatsa ya shiga kamar santimita ɗaya, in naga baƙar ƙura a wajen to yana cinyewa. Sannan matatar ruwan teku, kuma a Legas wannan ba abin tsallakewa bane, ledar fiya wata da ledar shago da buhu duk suna yawo a ruwan nan, ga kainuwa da take rufe wasu wurare in damina ta ja baya. In tsabtace ragar, in mayar da murfin ya zauna daidai kan robarsa domin in yana shan iska famfon bazai ja ruwa ba, sai in buɗe bawul, hannunsa in ya miƙe da tiyo a buɗe yake, in ya gicciye a rufe. Wata dabara da nake koya wa yara, in ka rufe bawul ɗin zaka tafi gida ka rataye makullin injin a hannunsa, ba yadda za ayi ka ɗauki makulli baka tuna ba.

Daga nan batir. Mita in ta nuna bolt 12.6 ko 12.7 a cike yake, 12.2 ya kai rabi, kuma injin gas da batir rabi juyawa zai yi a kasalance bazai tara zafin da zai kama ba. Jirage da yawa suna da batir biyu, na inji da na fitilu da firji, da makunni mai zagaye da aka rubuta 1 da 2 da duka biyun da kashewa. Ka tada da na inji, ka ajiye haɗa biyun sai ranar da ya gaza. Kuma inji na aiki kada ka kuskura ka murɗa makunnin nan ya bi ta kan kashewa, nan take altaneta zata ƙone.

Sai ka fito waje. Giya a firi, kuma hannu ɗaya ne yake yin giya da totur, akwai maɓalli a gindinsa da ake dannawa ko a jawo domin a ƙara wuta ba tare da giya ta shiga ba, ka bashi kaɗan. Abin kashewa ya koma ciki. Ka leƙa gefe da gefe da baya ko akwai igiyar da ta faɗa ruwa. Murɗa makulli mataki ɗaya, fitilu su kawo ƙararrawa tayi kuka, wannan kukan daidai ne, in ma bata yi ba shi ne abin damuwa domin ranar da mai zai yanke bazata gaya maka ba. In injin mai hita ne kamar 3YM ko ƙananan Volvo Penta ka riƙe hita kamar daƙiƙa 10, tsofaffin GM basu da ita. Sannan kik, daƙiƙa 10 zuwa 15 iyaka, ka saki. Lafiyayyen inji a zafin Legas baya kai daƙiƙa 3 ma. In bai kama ba ka huta rabin minti ka sake. In na biyu bai kama ba, sauka ka rufe bawul ɗin ruwa kafin na uku, ka sa wani ya tsaya kusa dashi ya buɗe da zarar ya kama, domin imfela in ta juya a bushe ba ta daɗewa take ƙonewa. In na uku ma shiru, an gama kik, sai bincike.

Da ya kama ƙararrawa ta ɗauke cikin daƙiƙa kaɗan, in bata ɗauke ba kashe shi. Ka rage wuta, ka tafi bayan jirgi ka leƙa da idonka kaga ruwa na fita. Kunne ma yana gaya maka, salansa mai ruwa ƙararta a dushe take, in babu ruwa zaka ji ta koma fayau kamar ta babur. Rabin minti ba ruwa, kashe. Mita kuma ta haura wajen 14, alamar caji na shiga. Tun jirgin na ɗaure ka sa giya gaba kaɗan ka dawo firi, ka sa ribas kaɗan ka dawo, ka tabbatar duka suna shiga kafin a kwance igiya.

Wanda ya taɓa tada injin niƙa da handul zai gane wani abu a kan tsofaffin GM, a saman injin akwai ƴan hannuwa da ake ɗagawa su saki matsi, irin dai na Lister. Ranar da batir yayi sanyi sai a ɗaga su, ayi kik injin ya ɗau gudu ba nauyi, a sauke ɗaya ya kama sannan a sauke sauran. Ya fitar dani kunya ba sau ɗaya ba. Amma ba a kashe inji dasu, yana ɓata bawul.

In kuna tsakiyar ruwa

Ni bakanike ne, harkar sarrafa filafili da karanta iska ta matuƙa ce, amma na hau an fita dani gwaji sau da yawa kuma abin da ya shafi inji a wajen zan iya faɗa maka. In kun dawo daga Tarkwa Bay ko daga waje zaku shigo ta tsakanin dogayen duwatsun nan biyu na bakin tashar, wajen nan ruwa yana da ja sosai musamman in yana janyewa, ga manyan jiragen kaya masu shiga Apapa da Tin Can waɗanda ba zasu iya kauce muku ba. A tada inji tun da sauran fili, tun filafilin yana sama yana aiki, a ga ruwa na fita a baya, sannan a sauke shi. Na taɓa kasancewa a jirgin da aka sauke filafili tukuna sannan aka nemi inji, ya tashi kuwa, minti uku ƙararrawar zafi ta ɗauka, leda ce ta manne a hudar ƙasa, muna ta tafiya da ruwa wajen duwatsu sai da aka sake jan filafilin gaba da gaggawa. Da muka kashe injin ledar ta saki da kanta tunda zuƙar ce ke riƙe da ita, amma imfela ta riga ta zubar da fukafukai biyu, kuma sai da na bi tiyo na nemo gutsattsarin domin in an barsu gaba zasu je su toshe. Tun daga ranar bana hawa jirgin da babu imfela ta ajiya da filtar gas ta ajiya da safanun da zasu kwance su.

Sannan in iska ta kwantar da jirgin gefe ɗaya sosai kada a tada inji a haka, hudar shan ruwan tana iya fitowa sama ta zuƙi iska, baƙin mai ya koma gefe guda, gas ma haka in tanki ba a cike yake ba. A sassauta filafili jirgi ya ɗan miƙe tukuna. Wasu matuƙan kuma suna sa giya a ribas lokacin da suke tafiya da iska domin farfela ta daina juyawa, to a tuna a dawo da ita firi, wani jirgin ma yana da makunnin da zai hana kik gaba ɗaya in giya na ciki, sai kaji shiru kace batir ne. Igiya kuwa a nan tafi haɗari, domin lokacin sauke filafili ne igiyoyi suke zubewa ta gefe, ɗaya ta shiga farfela an rasa inji a daidai inda ake buƙatarsa.

Wajen kashewa kuma ka bar shi ya yi ƴan mintuna a ƙaramar wuta ya huce, ka ja abin kashewa ko ka danna maɓallin har ya tsaya, ƙararrawa tayi kuka, sannan ka kashe makulli, ba makulli ake fara kashewa ba kamar mota. Ka tura ɗan hannun ya koma a take tun kana wajen.

Yanzu dai jeka ka rufe bawul ɗin ruwan, ka gwada juya shi da soket yadda na faɗa maka, ka zare geji ka duba kalar man. Ka rubuto min abin da ka gani da lambar dake kan farantin injin, in kuma bakaniken ya cire nozul ka lura daga wace silinda ruwan ya fito da yawansa, daga nan zan iya gaya maka ko a tada shi ko a fara auna matsi. Allah ya sa abin ya tsaya iya nan.